Akwatin da Muka Kafa a Bakin Ruwan Guri

Lahadi: Kano zuwa Haɗeja

Ƙarfe biyar saura kwata na fito daga gidana da ke Kurna, da jaka ɗaya da kwamfutar cinya wadda 'yata ta ara mini. Maƙwabcina ya sauke ni a tashar 'Yankaba, a can na yi sallar asuba. Na sami mota ƙirar Sharon mai zuwa Haɗeja, na biya naira dubu shida, muka zauna jiran fasinja biyu har shida da minti ashirin.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Ni injiniyan lantarki ne, shekarata hamsin da bakwai. Ƙungiyarmu ba ta sabunta wa mutum lasisi sai ya nuna ya je ƙaro ilimi, kuma bana bitar da ta rage mini ita ce wannan ta Haɗeja. Darasinta shi ne yadda ake sa ƙaramar kwamfuta ta sarrafa bayanai a wurin da ta same su, ta yanke hukunci nan take, ba sai ta aika su ga manyan kwamfutoci na nesa ta jira amsa ba. Gaskiya satifiket na je nema. Ina kuma tsoron kada yara su ga jahilcina.

Mun wuce Gezawa bakwai da 'yan mintuna. Shingayen jami'an tsaro huɗu na ƙirga kafin Gujungu, a ɗaya ne kawai aka buɗe but ɗin motar. Ranar kasuwar Gujungu ce, motocin shanu da na hatsi sun cushe hanya, muka ɓata minti arba'in. Na sauka na sha shayi da ƙosai na ɗari bakwai. Direba ya tambaye ni abin da zai kai ni Haɗeja, na ce karatu. Ya dubi furfurata ya ce, "Alhaji, koyarwa dai ko?" Na ce a'a, koyo. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya mayar da hankalinsa kan hanya.

Goma da rabi muka shiga Haɗeja. Na nufi makarantar da aka ara mana don rubuta suna. Ina cikin cike takarda sai na ji an ce daga bayana, "Wa ya bar wa Bafillace alƙalami? Ina shanun?"

Bukar Modu ne. Babarbare ne, ɗakinmu ɗaya shekara huɗu a makarantar koyon injiniya, kuma rabona da shi shekara goma sha ɗaya. Ba faɗa muka yi ba, hidima ce ta raba mu, lambar waya ta ɓata, kowa ya yi ta cewa zai nemi ɗan'uwansa. Ya rame, amma dariyar tana nan. Ya hana ni kama ɗaki a masauki, ya ɗora jakata a kan babur ɗinsa.

Muna shiga zauren gidansa na ɗaga murya, kamar yadda na saba a da, na ce a gaya wa Yagana baƙonta mai cin burabusko ya iso. Yagana matarsa ce, ni na yi masa babban aboki ranar aurensu. Bukar ya jingine babur, ya daɗe yana gyara tabarma. Sannan ya ce, "Lawal, Yagana ta rasu. Damina biyu ke nan."

Na zauna a ƙasa. Na yi mata addu'a, na yi masa ta'aziyya da kalmomin da kowa ke yi, kunya ta hana ni duban fuskarsa. 'Yarsa ta kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi. Ban tambayi abin da ya same ta ba, shi ma bai faɗa ba.

Litinin da Talata: Aji

Ƙarfe takwas daidai aka fara. Mu goma sha takwas ne, ni da Bukar ne dattawan ajin. Malamarmu, Injiniya Fatima, ba ta fi sa'ar 'yata ta fari ba. Ta gaishe mu da Baba, sannan ta ce a aji ba za ta raga wa kowa ba.

Ta ajiye wa kowane mutum biyu akwati mai girman kwanon sha. A cikinsa akwai kwamfuta kamar tafin hannu, da batir, da ma'auni mai auna nisan da ke tsakaninsa da saman ruwa, da jiniya. Ta ce a fadama, ranar da ruwa ya taso ita ce ranar da sabis ke ɗaukewa, don haka na'urar da sai ta tambayi Legas ko Turai kafin ta yi kuka ba ta da amfani ga mutumin ƙauye. Dole akwatin ya san abin yi shi kaɗai. In sabis ya dawo, ya aika taƙaitaccen saƙo.

Haɗa wayoyi bai ba ni wahala ba, aikina ne. Rubuta wa na'urar umarni ne ya fitar mini da gumi. Ranar Talata da safe na yi kuskure guda sau biyar, na rufe kwamfutar, na ce wa Bukar zan zauna kawai a ba ni takarda. Ya buɗe ta, ya tura mini. Na lura shi yana rubuta komai a littafi, har abin da malama ta faɗa a wucewa, yana tsayar da ita da tambaya. Ga shi saura wata tara ya yi ritaya daga aikin kula da injinan ban-ruwa. Na yi masa tsiya na ce Babarbare zai ci digiri da tsufa. Murmushi kawai ya yi.

Da azahar ana ba mu shinkafa da wake. Bayan la'asar Bukar yakan zaga da ni kasuwar kifi, inda ya hana ni taya komai, wai Bakano ba ya iya ciniki a bakin kogi.

Laraba: Kirikasamma zuwa ƙasar Guri

Ranar jarrabawa ce, kuma a fili za a yi ta. An rarraba mu ƙauyuka, Bukar ya roƙi a ba mu nasu, wanda ke ƙasar Guri. Mun tashi shida da rabi a motar a-kori-kura, da malama da akwati da farantin sola. Muka wuce Kirikasamma bakwai da rabi, gonakin shinkafa hagu da dama. Takwas da kwata mota ta tsaya inda taɓo ya fi ƙarfinta. Muka hau babura na minti ashirin, sannan kwalekwale, ɗari biyar kowane kai.

Mai kwalekwalen yana tura gora cikin kacalla, ciyawar nan doguwa da ta toshe hanyoyin ruwa. A nan Bukar ya nuna mini wani wuri da ruwa ya shafe, ya ce hanyar mota ce da rani. Ya ce Yagana ta zo ƙauyen jinyar mahaifiyarta ne, da ma tana da hawan jini. Ruwa ya yi kwana uku yana tasowa a hankali, kowa yana cewa bai kai ba. Ranar da ciwon ya buge ta, hanya ta yanke, waya ba ta shiga. Kafin a samo kwalekwale, a ratsa kacalla, a kai ga mota, an yi awa shida.

"Da an ce mata ranar Litinin hanya za ta yanke ranar Laraba, da ta dawo gida," in ji shi. "Shekara talatin ina auna kogin nan, Lawal. Ina Haɗeja da takardun awo a gabana, ita tana nan."

Na riƙe akwatin sosai don kada ruwa ya taɓa shi.

Mai unguwa ya tarbe mu, ya nuna mana turken ƙarfen da aka riga aka kafa a bakin ruwa. Muka ɗaure ma'auni yana kallon ƙasa, sola yana kallon sama. Malama ta zare layin waya daga akwatin ta sa a jaka. Sha ɗaya da rabi muka kunna. Ba a yi minti goma ba wani kwalekwale mai inji ya wuce, igiyar ruwa ta taso, jiniya ta ɗauki kuka. Mata suka leƙo, awaki suka watse. Malama ta ce mun faɗi zagayen farko, saura ɗaya. Ta ƙara da cewa jiniyar da ta yi ƙarya sau biyu, ta uku ba wanda zai tashi.

Muka zauna ƙarƙashin wata tsamiya. Bukar ya ce ruwan fadama ba kamar ambaliyar kwatocin Kano ba ne, ba ya zuwa da gudu. Tsofaffin masunta ba tsayinsa na yanzu suke dubawa ba, yatsa nawa ya ƙaru tsakanin asuba da azahar suke lura. Ya ce mu koya wa akwatin haƙuri: ya yi awo da yawa, ya watsar da waɗanda suka yi tsalle, ya duba saurin ƙaruwar, ya lissafa yaushe ruwa zai kai tsayin hanya. Shi yana faɗa, ni ina bugawa da yatsa biyu. Sau uku na yi kuskure, sau uku na gano shi da kaina.

Bayan mun yi azahar malama ta gwada mu. Ta sa mai kwalekwale ya wuce sau biyu, akwatin ya yi shiru. Sannan ta ba shi awon gwaji, na ruwa mai tasowa a hankali. Muka jira. Jiniya ta yi kuka, ƙaramin allon ya rubuta cewa saura kwana biyu hanya ta yanke.

Malama ta ce mun ci. Bukar bai ji ta ba, ya tafi bakin ruwa ya juya mana baya. Ta dube ni, na yi mata alama ta ƙyale shi. Da ya dawo, sai ya kira mai unguwa da wasu masunta biyu, ya zauna da su har la'asar yana nuna musu yadda ake goge sola da abin da kowane kukan jiniya ke nufi. Mun koma Haɗeja ana kiran magariba.

Alhamis: Komawa gida

An raba satifiket ƙarfe tara. Bukar ya raka ni tasha da kwalin bandar kifi. Na ce ya yafe mini shekarun da ban neme shi ba. Ya ce hanyar Kano ai ba ta ɓace masa ba shi ma. Muka yi alkawarin zan dawo da kaka mu duba batirin tare.

Mota ta tashi goma da kwata, hanya babu cunkoso, na shiga gida ƙarfe biyu da minti goma. Matata Binta ta karɓi kwalin kifin tana murna, ta tambayi wanda ya ba ni. Da na ce Bukar, sai ta ce, "Yaya Yagana? Har yanzu tana wannan dariyar?" Na ce ta zauna tukuna. Ta daɗe tana kuka, sannan ta ce ranar da zan koma ƙafarta ƙafata.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa malamarmu da ta yi haƙuri da tsofaffin ɗalibai, da mutanen ƙauyen da suka ba mu inuwa da fura, da abokina Bukar da ya sauke ni a gidansa. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Yagana a addu'a. Allah ya jiƙanta.