Ƙarar da Na Kai Asibiti

Shekarar da na yi ritaya daga aiki a Abuja, na rasa yadda zan yi da yammacina. A da, war haka ina matse a bayan tasi cikin cunkoson Madalla. Yanzu kuwa sai in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gidanmu da ke unguwar Hashimi, bayan La'asar, in yi ta murɗa rediyo.

A nan na fara jin ƙarar. Takan taso siririya kamar kukan sauro, ta yi ta kauri, ta shiga karkarwa kamar fankar da notinta ya kwance, sai ta ɗauke ɗif. An jima ta dawo. Na duba firji, na duba mita, ashe ko wuta babu. Matata tana shagonta na ɗinki a irin wannan lokaci. Da ta dawo da magariba na tambaye ta, ta kasa kunne, ta ce ba ta jin komai. Nan take na yanke wa kaina hukunci cewa tsufa ne ya shigo ta kunne.

Na je asibiti, likita ya haska ya ce bai ga komai ba, jinina ma lafiya lau. Na fito ina jin haushinsa. Wani abokina ya ce in bar shayi, na bari. Wani a masallaci ya kawo mini man tafarnuwa, na ɗiga. Na koma tafiya a hankali da auduga a kunne. Jinyar kuwa ta yi mini daɗi: farfesu ya yawaita, 'ya'yan da ba sa kira suka fara kira, har na soma yi wa matata 'yar wasiyya.

Wata Juma'a ba ta je shago ba. Tana tsintar shinkafa kusa da ni ƙarar ta taso. Na dafe kai na ce mata ga shi nan ya motsa.

Ta tsayar da hannu. "Malam, ai ni ma ina ji."

Abin da ya fara zo mini a rai shi ne na shafa mata ciwon. Ita kuwa ta ajiye tire, ta fita daga rumfar, ta kalli sama, ta yafito ni. Wani ɗan abu ne mai farfela huɗu yake saukowa a bayan katangarmu yana tangaɗi.

Muka zaga. Maƙwabcinmu ne, tsohon malamin makaranta, mutumin Filato. Ya sayi ɗan jirgin ɗaukar hoto don ya riƙa aikin bukukuwa. Ya ce tashi fit ɗaya ne, sauka ce ta gagare shi, shi ya sa kullum yake gwaji. Wai in jirgin yana saukowa yakan faɗa cikin iskar da shi da kansa ya tura ƙasa, sai ya yi ta rawa yana wannan kuka.

Ya lura da audugar. "Oga, me ya sami kunnen?"

Na ce ɗan sanyi ne. Matata ta juya mana baya, kafaɗunta suna girgiza.

A hanya na roƙe ta kada ta gaya wa yara, ta ce to. Kafin Isha'i babbar 'yarmu ta kira, ta kasa ƙarasa gaisuwa don dariya.

Daga baya na riƙa zagawa wurin maƙwabcin da yamma. Ya taɓa miƙa mini rimot in gwada saukewa, na kafta jirgin a kan akurkin kajinsa. Tun daga ranar aikina riƙe masa jaka.