Lambar da Dada Ta Ƙi

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu sun fara tambaya ko na bi sahun sa'o'ina. Ina nan. Da ido ɗaya nake wannan rubutu, ku yi haƙuri da kurakurai.

Yaran unguwarmu Mayo Gwoi sun san ni da Baba Mai Zanzana, amma ba wanda na taɓa gaya wa yadda fuskar ta zama haka. Yau zan faɗa, don raina a ɓace yake.

Zamanin Turawa ne, ina yaro, Jalingo ba ta wuce ka zagaye ta da ƙafa ba. Aka yi shela masu lamba sun zo saboda agana. Lamba ita ce rigakafin lokacin, a tsattsaga maka damtse a shafa magani. Babana, tela ne ɗan asalin Kano, ya tasa mu gaba aka yi mana. Tsofaffi kuwa ko leƙowa ba su yi ba, wai abin yara ne.

Da na dawo gida ina kuka, kakata ta wajen uwa, Bafulatanar da kowa ke kira Dada, ta ja ni bayan rumbu. Ta matse lemon tsami a wurin, ta goge da toka, don kada maganin Bature ya shiga jinina. Haka kakanni da yawa suka yi. Ba mugunta ba ce, so ne. Lambata ba ta kama ba.

Da bazara zazzaɓi ya kayar da ni. Bayana kamar an sara, kaina ba ya ɗaguwa. Sai ƙuraje suka feso a fuska, suka bi tafin hannu da na ƙafa, har cikin baki. Ruwa ma da kuka nake haɗiye shi.

Duba-gari ya zo ya ce a fitar da ni bukkokin bayan gari, inda ake ware masu agana. Mahaifiyata na da goyo, aka hana ta. Dada ta ɗaure tabarmarta ta ce ita za ta bi ni.

A bakin sansanin akwai malamin asibiti, wani saurayi Bajukune mai sanyin murya. Ya ce mata tunda za ta kwana da ni, ta bari ya yi mata lamba yanzu, ba a makara ba. Ta ja mayafi ta rufe kafaɗa.

"Ni ba zai buɗe hannu gaban yaro ba," in ji ta da Hausarta ta Fulani. "Kai sa'an ɗana ne. Kunya."

Ya roƙe ta ranar, ya sake roƙo washegari, har durƙusawa ya yi. Ta ce tsufa ya riga ya yi mata lamba.

Agana ba ta da magani. Da safe malamin ya shafa mana wani ruwa mai launin shunayya, ya wanke mana idanu, ya wuce bukka ta gaba. Babana yakan ajiye kunu a gindin tsamiya ya koma nesa ya tsaya, ba ya iya matsowa. Akuyarmu ɗaya ya sayar don wannan kunun. Daga bukkarmu ina jin lokacin da ake fitar da wani, na kuma san ba gida za a kai shi ba. Na ji tsoro ƙwarai.

Dada ce ke kore min ƙuda, ita ke riƙe hannuwana kada in sosa. Da idona na hagu ya rufe ya ƙi buɗewa, ta ce barci yake yi.

Ƙurajena suka bushe, ɓawon ya fara zuba, na soma neman tuwo. A makon ne Dada ta ce bayanta na ciwo.

Na san wannan ciwon bayan.

Malamin ya duba goshinta, ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo, ita ce ta miƙa masa damtsen da kanta, ba mayafi. Ya ce, "Dada, yanzu kam lokaci ya wuce."

Aka ƙone kayana, aka yi min wanka, aka miƙa ni ga babana a gindin tsamiyar. Ni na warke. Ita ko gawarta ba a ba mu ba.

Abin da ya tayar min da wannan, ƙaramin asibitin unguwarmu ya ware ranar Laraba don tsofaffi. Ana auna hawan jini da sukari, a duba ido, a koya mana abin da za mu rage a miya, a ɗan sa mu miƙe gaɓoɓi. Ina zuwa. Benci a share, ma'aikata a zaune, mu bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Na bi abokaina gida-gida har unguwar Abbare. Aminina Malam Buba, wanda kansa ke sarawa tun azumi, ya ce shi ma'aikaciyar asibiti sa'ar jikarsa ba za ta naɗe masa hannun riga ba, ga surukinsa ma yana zuwa wurin. Na ce masa na taɓa jin wannan maganar. Ya yi dariya ya zuba min shayi.

Gaskiya na gaji. Agana ta tafi, kunyar tana nan daram, ban kuma ga alamar zan ga bayanta ba.

Duk da haka na gode wa Allah da ya bar min ido guda, na gode wa malamin nan da ban ma san sunansa ba, Allah ya jiƙan Dada.

Tsofaffi 'yan uwana, in kunya ce, ku nemi mace ta duba mace, namiji ya duba namiji, ana yi. Ku je da wuri kafin idon jama'a, ku sa riga mai faɗin hannu. Ku kuma 'ya'ya, kada ku tsaya ga faɗa da baki, ku kama hannu ku raka su.

Laraba ina kan benci na farko, Buba, na ajiye maka wuri kusa da ni. Ban sa rai za ka zo ba. Ina dai roƙonka kada ka miƙa hannun ranar da za a ce lokaci ya wuce.