Ɗan Farina da 'Yan Hokin Ƙofar Ran

Ban taɓa riƙe sandar hoki ba, amma in tarihin ƙungiyar yaran unguwarmu ake nema, ban ga wanda zai ba ni labari ba. Katangar gidanmu a Ƙofar Ran ita ce iyakar filin firamaren da suke wasa, kuma duk ƙwallon da ya kuskure raga a tsakar gidana yake sauka. Ya fasa mini randa, ya karya wa zakarana ƙafa. Wanda bai san ƙwallon hoki ba, ya nemi dutse mulmulalle ya shafa masa farin fenti, to ya gan shi.

Wani malamin wasanni ne ya kawo mana wannan jaraba bayan ya yi ritaya. Dogo ne siriri, kullum da usur a wuya kamar laya. A siton wata makaranta ya ga tsofaffin sanduna gara ta fara ci, ya roƙa aka ba shi, sauran kuma wani kafinta a Ƙofar Wambai ya sassaƙa masa. Da farko dariya aka yi ta yi masa. Yaran birni, da suka saba da ƙwallon ƙafa, suka ce wannan ai kiwo ne babu shanu. Su kuwa 'ya'yanmu, mu da iyayenmu suka baro ruga suka zauna gari, sanda ba baƙuwarsu ba ce. Ɗan farina yana cikin waɗanda suka fara ɗauka, tun bai gama firamare ba.

Sai na faɗi yadda muke da shi, don yaran yanzu ba lallai su gane ba. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da cinsa ko shansa. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin surukata. Ita yake kira Inna, ni kuwa Adda, kamar wata yayarsa. In zan aike shi sai in ce wa ƙannensa, "Ku ce wa wancan ya zo." Haka na tarar, haka na yi, ban kuma ga aibinsa ba. Shi ma a kan cewa namiji ba ya cewa wayyo aka raine shi. Kakarsa ba ta gajiya da ba shi labarin baffanninsa da suka sha bulala a wajen sharo suna murmushi.

Ƙungiya ta yi ta girma. Wani tela ya ɗinka musu korayen riguna, suka fara zuwa makarantu suna karawa. Har Gwallameji suka je suka buga da yaran sababbin gidaje, masu takalman wasa na gaske da abin kare ƙwauri, namu kuwa kwalin sabulu suke cusawa a safa. Suka ci su, suka dawo da wani ɗan kofi da bai fi moɗa ba, aka ajiye shi a shagon mai aski kowa yana leƙawa. Waɗanda suka yi dariya jiya su suka fi kowa cika baki, har suna cewa "yaranmu".

Ana cikin haka sanda ta sami ɗan limamin unguwa a baki, haƙoransa na gaba suka zube, ya shiga gida rigarsa jina-jina. Dattawa suka taru a zauren mai unguwa, suka kira malamin, suka ce masa duk ranar da aka sake ganin jinin ɗan wani, sandunan nan sun zama makamashi. Su a ganinsu sun yi maganin abin.

Washegari ina shanya a jikin katanga na ji yaran sun taru a ɗaya gefen, malamin bai iso ba. Wani a cikinsu yana cewa, "Daga yau duk wanda aka buge ya haɗiye. Wanda ya kai kuka gida, shi ya kashe ƙungiya. Kun yarda?" Suka ce sun yarda. Na san muryar. Ta ɗana ce, don a lokacin shi ne kyaftin.

Zanen da ke hannuna sai da ya faɗi ƙasa. Na gaya wa maigidan, ya yi dariya ya ce, "Maza ne, ƙyale su." Na gaya wa surukata, ta ce jinin gidan ne, da me nake so ya yi kama? Shi kansa kuwa ba dama in kira shi in ce zauna mu yi magana. Na cije, amma tun daga ranar ban sake jin usur ɗin nan gabana bai faɗi ba.

Kunnena ya koyi wasan da idona bai gani. In sanda ta haɗu da ƙwallo, ƙas kake ji. In ya bugi katakon raga, sai ƙara da ihun murna. Akwai kuma wani sauti mara ƙara, irin na taɓarya a kan danƙararren buhu, wanda shiru ke biyo bayansa. Wannan ƙwallo ne ya sami jikin mutum. Duk ranar da na ji shi, sai in zauna a bakin murhu ina satar kallon zaure, in ga da wace tafiya ɗana zai shigo.

Ranar da abin ya faru Asabar ce da damina, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Suna atisayen safe don wata karawa da suka daɗe suna jira. Maigidan ya tafi cin kasuwar shanu a ƙauye. Ina tankaɗe na ji sautin nan, na ji shirun, kuma shirun ya fi na kullum tsawo. Sai usur ya busa aka ci gaba.

Kafin azahar ɗan nawa ya shigo. Ya yi sallama, ya ce, "Adda, sannu da aiki," ya wuce ɗakin kakarsa a miƙe kamar soja. Miƙewar ce ba ta yi mini ba, don ba haka yake tafiya ba. Na dama fura na aika masa, aka dawo da ita ko taɓawa bai yi ba. Ruwa kawai yake ta aikowa a kai masa. Da ya fito alwala na ga leɓensa ya yi fari kamar toka, gumi na tsattsafo masa a goshi cikin wannan sanyi, yana ta murza kafaɗarsa ta hagu.

Na tura ƙanwarsa ta tambaye shi. Ta dawo ta ce, "Ya ce lafiya lau." Na je ƙofar ɗakin surukata na durƙusa na ce, "Inna, yaron nan fa kamar ba shi da lafiya." Ta dube ni da mamakin wai ni ce nake wannan magana, ta ce, "Gajiya ce. Je ki yi aikinki." Na koma na zauna a gaban tukunya. Ina ji a jikina wani abu yana cin ɗana, ga shi kuma taku kaɗan tsakanina da shi.

Bayan la'asar usur ya sake busawa. Sai ga shi ya fito da sandarsa, wai zai koma fili, don in ba a gan shi ba za a tambaya. Ya ratsa tsakar gida yana dogara ta. Ya kai bakin zaure ya dafa bango, ya tsaya kamar mai tunanin wani abu da ya manta, sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe.

Ban san lokacin da na kira sunansa ba. Na ƙwala shi da ƙarfin da har yaran fili suka ji, a gaban surukata, a gaban kowa. Na rungume shi na ɗaga rigarsa. Wani ɗan tabo ne kawai a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, da'ira daidai girman ƙwallon, amma cikinsa ya yi tauri kamar katako, jikinsa sanyi ƙalau. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Babu jini, Adda. Ki gaya musu babu jini."

Ko mayafi ban ɗauka ba, wata maƙwabciya ce ta jefa mini nata a cikin keke mai ƙafa uku da aka tare mana. Na ɗora kansa a cinyata, abin da rabona da yi tun yana goye. Hanya duk ta cika da ruwa da ramuka, duk ramin da muka faɗa sai ya yi wani ɗan nishi, daga baya nishin ma ya daina. Mai keken yana cewa, "Hajiya, ki yi ta masa magana, kar ki bari ya yi barci!" Me zan ce masa? Ban saba magana da shi ba. Sunansa kawai na yi ta kira har muka isa asibiti.

Likitan ya danna cikin, ya duba idonsa, bai ko zauna ba. Ya ce saifa ce ta fashe, tun safe jini yake zuba a ciki, sai an shiga tiyata yanzu, kuma a nemo masu ba da jini. Ya tambaye ni ƙarfe nawa aka buge shi, me ya sa sai yanzu.

Suka shige da shi aka rufe ƙofa. Malamin wasanni ya iso ba hula, yana kuka kamar yaro, yana rantsuwa cewa ya tambaye shi, ya ce masa ba komai. Yayyen 'yan wasan suka yi layi don ba da jini, liman ma ya zo ya naɗe hannun rigarsa. Ni dai ƙofar nake kallo. Duk nas ɗin da ta fito sai na karanta fuskarta, in ta kauce wa idona sai in ce shi ke nan, ya tafi, kuma zai tafi yana zaton ban damu da shi ba. Surukata ta zauna can nesa da carbinta. Can sai ta taso ta zauna kusa da ni, ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam.

Ana kiran magariba likitan ya fito ya ce sun cire saifar, yana da rai, sauran sai mu yi ta addu'a.

Sai da gari ya waye ya farfaɗo sosai. Ina zaune a bakin gadon, ban kuma matsa ba da ya buɗe ido. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an ƙona sandunan. Na ce ba a ƙona ba tukuna, amma in ya sake yi mini irin wannan, da hannuna zan kunna ashana. Ya yi ɗan murmushi, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Adda, ashe kin san sunana."

Na juya na fuskanci bango, don kukan da ya zo mini ba na gaban ɗa ba ne.

Dattawa sun sake zama. Na aika musu da maigidan cewa ba sanda ce ta kusa kashe mini ɗa ba, sharaɗinsu ne, kuma in ya ji nauyin faɗa, zan yafa mayafi in je da kaina. Ya san ni, ya faɗa. Suka janye maganar ƙonawa. Malamin ya riƙe ƙungiyar har ƙarfinsa ya ƙare, yau kuma usur ɗin a wuyan ɗana yake. Duk sabon yaron da ya zo, sai ya ɗaga riga ya nuna masa ɗinkin cikinsa kafin ya ba shi sanda.

Na koma ce masa "wancan", don abin da aka girma da shi ba ya fita a rana ɗaya. Tsoron ma bai fita ba. Har yanzu in na ji sautin nan ta bayan katanga, sai in saki abin da nake yi in kasa kunne. In yaro ya kwarma ihu yana kiran uwarsa, sai in ce alhamdulillahi in koma kan wankina. In kuwa na ji shiru, mayafina yana rataye a bakin ƙofa.