Wanda Ya Kwance Ragar Bakin Teku

Shekaru goma sha biyu da suka wuce aka fara raɗa mini cewa kai ne kake bin gaɓar teku kana sakin tsuntsayen da suka faɗa ragar mutane. Dariya na yi. Khoat, wanda duk ƙauyen nan babu mai kama tsuntsu kamarsa?

Yaya Khoat, ka rasu ranar Talata, sha takwas ga Fabrairu, bayan bikin sabuwar shekara, ana yayyafin ƙarshen sanyi.

Na san dai ka daina kamun. Ka koma zama ƙarƙashin bishiyar lemon lambunka da butar shayi, kana kallon 'yan tsuntsaye masu tukku suna yi maka ɓarna. Matarka Nhan ta ce ka kore su, ka ce, “Haba uwar yara, baƙi ne.” Da hantsi kakan ja ni bakin teku mu duba fararen tsuntsayen nan masu bakin cokali, waɗanda ke zuwa daga arewa cin sanyi. Kowace shekara raguwa suke, har aka yi shekarar da bakwai kawai muka gani. Ka ce idan ragunan nan suka ci gaba da tsayuwa, jikokinmu sai dai su ji labari.

Ban manta balbelar da na kwana uku ina yabon natsuwarta ba. Ka bar ni na gama, sannan ka ce, “Tsoho, ta roba ce. Ni na koya wa yaron nan Dinh kafa ta kusa da raga, don ta janyo na gaske.” Ka shiga taɓo har gwiwa ka tumɓuke ta.

Bana ka yi nasara. Kwana huɗu kafin ka tafi, muka tura ka a keke zuwa gaɓa, ka ga garken masu bakin cokali ya rufe bakin ruwa fari fat. Ka daina lissafi a sittin.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka aikinka na farko saboda na ƙarshe. Ya ba Nhan da 'ya'yanku haƙuri.

Batun raɗar nan kuwa, na yarda yanzu. A maƙabartar coci wani ya riƙe hannuna ya ce, “Kawu, shi ne mai sakin tsuntsayen. Tun tuni na gane sawunsa, kunya ta hana ni magana. Jiya na naɗe tawa ragar, ita ce ta ƙarshe.” Dinh ne.