Uwar da Ban Je wa Gaisuwa Ba

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu turo saƙo suna tambayar jikin 'yata Saratu, ku yi haƙuri, bakina ne ya yi nauyi.

Tun tana jaririya take haki a kan nono, leɓenta ya yi duhu. Muka ce sanyi ne. Sai da aka yi mata hoton zuciya likita ya ce, "Maman Saratu, da wannan aka haife ta."

Aka yi mata aiki, ta ɗan samu sauƙi na wasu shekaru, zuciyar ta sake gazawa. Coci da dangi suka haɗa hannu, babanta ya sayar da filinsa na unguwar Jama'a, ni da ita muka tafi Indiya. Shi ya zauna Samaru saboda koyarwa.

A can aka jona ta da na'urar da ke tura jini a madadin zuciya. Bututu daga jikinta zuwa wani akwati mai taya. Aka ce mu jira a samu zuciyar da za a dasa mata.

Kun san asibitinmu, 'yan dubiya da kulolin abinci har nas ta gaji da kora. Can kuwa kujera ɗaya ce a gefen gado. Kaɗaici ya ci ni har mai shara nake gaisarwa da Hausa, tana kallona kawai.

Matan zumunta na cocinmu a Sabon Gari suna turo addu'a ta waya: "Ubangiji, ka kawo zuciya da sauri!" Ban taɓa iya cewa amin ba. Na san sai ɗan wata ya mutu.

Zuciyar ta zo. Yau Saratu tana gida, tana shan magani kullum, rashin ji kuwa sai abin da ya ƙaru.

Na roƙi likita sunan uwar yaron da aka ciro zuciyarsa. Ya ce, "Doka ta hana."

Na gode wa Allah, na gode muku. Jaririn da ke haki a kan nono, ku kai shi asibiti. Wanda ke jinya a nesa, ku kira shi ko ba ku da abin faɗa.

A Zariya ko ba kwa shiri da maƙwabciya, in ta yi rashi sai kin je kin zauna a tabarma. Ni kuwa ban san ko ƙofar gidan matar nan ba. Shi ya sa in na gama yi wa Saratu wanka, nakan sa bakina a ƙirjinta in ce, "Baiwar Allah, ya haƙuri?"