Turmin Inna Ramma

A daminar da ta biyo shekarar fara, ina aji uku a lekol, makarantar boko, kakata ta koma ba mu gatana da wuri, tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Sai da na girma na gane dabarar: yaron da ke sauraron labari yakan manta ya tambayi tuwo. Muna taruwa a ɗakin girki saboda sauro, gefen wutar kara mai hayaƙi fiye da haske, tukunya a kife.

Gidajen Kirista a ƙauyenmu, can wajen Bangi, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma rumbunansu duka sun ƙare tare, kamar an yi shawara. Babana ne ke yi mana karatu ranar Lahadi. Mutum ne mai gaskiya, irin gaskiyar da ke gajiyar da na kusa da shi.

A Adar ba a tambayar gida ko ya ci. Turmi ake saurare. Gidan da aka kwana biyu ba a ji daka ba, kowa ya san abin da ke ciki, kowa kuma ya kawar da kai. Namu ya yi shiru har ƙanwata Marta, wadda aka yaye ba da jimawa ba, ta daina kuka ta koma kallo.

Sai ga Inna Ramma, matar maƙwabcinmu Malam Idi, da ƙwaryar hatsi a ka.

"Iya, turmina ya tsage," ta ce wa Kaka. "Ku ara mini naku."

Al'ada ce, wadda ta ari turmi ba ta kwashe shi tas, takan bar abin da ya manne a gindi. Abin da ke mannewa bayan dakan Inna Ramma kuwa yakan cika tafi biyu. Da shi uwata ke dama wa Marta kunu, mu manya mu lashe ludayi. Garin kuma ya ji ana daka a gidanmu. Kullum da safe haka.

"Turmin nan naki bai warke ba?" in ji Kaka wata rana.

"Ina hwa, Iya. Sai ƙara tsagewa shikai."

Babana ya lura. Ya ce wannan alheri ne daga gidan Malam Idi, kuma dole ya je ya gode wa maigidan kamar yadda ya kamata. Da maraicen ranar Kaka ta ɗaga murya fiye da kullum, don yana zaune a bakin ƙofa yana gyaran ƙotar hauya.

"Ga ta nan, masu kunne su ɗauka," ta ce. Wai an yi wata tsohuwa a shekarar yunwa, ba ɗa ba jika. Kowace safiya sai ta tarar da ɗan tarin hatsi a bakin ƙofarta. Ta yi laɓe, ta ga tururuwa ce ke kawowa daga raminsu, ƙwaya ɗaya ɗaya. Abin ya cika mata zuciya. Ta bi sawunsu har bakin ramin, ta tsaya tana rangaɗa guɗa tana kiran sunansu, tana cewa duniya ta zo ta ga masu ciyar da ita. Duniya kuwa ta zo, da fartanya. Aka tone ramin, aka kwashe hatsin, aka tattake masu shi.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka. "Kan kusu kam babu, bana an cinye."

Yayata ta ce, "To Kaka, da mi za ta yi?"

"Ta ci, ta yi shiru, ta riƙa duba inda take sa ƙafa."

Babana ya aje hauya, ya dubi Kaka. "Inna, gatana ta yara ce. Yesu da kansa, da ya warkar da kutare, ya nemi waɗanda ba su komo godiya ba."

"Shi ba daga awon miji ya ɗiba ba," ta ce.

Washegari ya sa rigarsa ta Lahadi, ya sami Malam Idi a inuwa cikin maza, ya durƙusa ya gode masa bisa hatsin da iyalinsa ke bar mana. Malam Idi ya amsa da ladabi, ya ce ba kome, ai maƙwabtaka ce. A nan ne Malam Idi ya fara jin labarin. Shi ke buɗe rumbu da safe ya auna wa matarsa abin da za a ci, kuma ya daɗe yana mamakin yadda ƴaƴansa ke tashi daga akushi ba su ƙoshi ba. Ba mugu ba ne. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga hannu ba. Ranar kasuwar Bangi ya sayo wa Inna Ramma turmi sabo.

Marta ba ta kai ga ɗanyen hatsi ba. Likita zai ce zazzaɓi ne, kuma ba zan yi masa gardama ba. Malam Idi na cikin waɗanda suka haƙa kabarin, a ƙasarmu mai dutse. Babana ya tsaya kusa da shi har aka gama.

Na yi shekaru ina koyar da yara cewa a ce an gode, har da maki nake bayarwa a kai. Ban ce babana ya yi kuskure a karatunsa ba, godiya wajibi ce a kanmu. Amma akwai masu taimakon da ke ɗiba daga abin da ba su da izinin bayarwa, daga abincinsu, daga barcinsu, daga haƙurin iyalinsu, kuma ƙaryar da suke rufe shi da ita tana cikin kyautar. Wanda ya yaye ta, ya rufe musu ƙofa.

A majami'armu ta Madawa, in lokacin shaida ya yi, mutane kan miƙe su jera sunayen waɗanda suka tallafe su. Ni ina zaune. Fasto na yi mini kallon tsoho mai taurin zuciya. Bai san cewa tun da ciwon ƙafa ya kama matata, wani mai shago a layinmu yake da "saƙo" a wajen asibiti duk ranar da za a duba ta ba. Yakan rufe shagon da rana tsaka, ya ɗauke ta a babur. Sunansa Allah kaɗai nake gaya wa. Shi kuwa in ya sauke ta a ƙofar gida, sai in ce masa tuƙinsa bai da kyau. Ya ce to in sayi nawa.