Ranar da Shato Ya Tsiyaye a Gazawa

Da na gama karatun kwamfuta na dawo gida Gazawa, kaina ya fi hular kowa girma. Aikina na farko shi ne manhajar famfon sola da ke bayan gari, inda makiyaya ke shayar da shanu. Awon ruwa na kwararowa cikinta ba tsayawa, ta buɗe famfo in kwamin shan ruwan ya yi ƙasa, ta rufe in ya cika.

Ban rubuta komai daga tushe ba. Kundi biyu na umarni na ɗauko, waɗanda masana suka riga suka tsara. Ɗaya na buɗe famfo da alkawarin rufewa, ɗayan na karɓar awo. Kowanne na gwada shi kaɗai, lafiya lau.

Wata ranar bazara wayar awo ta tsinke. Famfo ya tsaya a buɗe har shato, babban tankin ruwan, ya tsiyaye cikin rairayi. Da hantsi garke ya iso, shanu na lasar gindin kwami suna kuka. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Mai garken, wani dattijon Bafulatani, bai yi faɗa ba. Ya tsuguna kusa da ni.

"Ɗiyata, wa ka buɗe ruwan?"

Na nuna masa kundi na farko a allo.

"Wa ka sanin an ƙare?"

Na nuna na biyu.

"To in wannan ya faɗi, wa ka gaya ma wancan?"

Mutumin da bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya gano ramin da malamaina ba su nuna mini ba. Ya ce a rijiyarsu mai kora san da ke jan igiya da mai karɓar guga ba su rabuwa da muryar juna.

Kwana huɗu na yi ina gyara. Na sa kundin awo ƙarƙashin na famfo, ta yadda ko ya gama, ko ya faɗi, ko an katse shi, dole hanya ta bi ta wurin rufewa.

Ran na biyar dattijon ya dawo. Ruwa na zuba, na miƙa masa wayar awo na ce ya fizge. Ya fizge. Famfo ya yi ƙwas, ya tsaya.

Ni na rubuta abin, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Shi kuwa ya miƙo mini wayar, ya juya ya kira shanunsa da sunayensu.